Tafintan Injiniya Muhsin

Allah ya yi wa garin Magariya baiwa da Injiniya Muhsin, gwanin da ya yi wata biyu cur a shagon gyaran waya a Kano, ya dawo da tabarau marar magani da jakar rataya. Injiniyancin ma shi ya naɗa wa kansa, don ya duba ko'ina bai ga wanda ya isa ya naɗa shi ba.

Kwatsam aka kawo wa gidan matasa kwamfutoci shida, komite ya ce yana neman wanda zai riƙe makullin ɗakin. Tun kafin a zauna, Muhsin ya shaida wa surukansa cewa ya zama darakta. Abokiyar takararsa, Zahara'u, baiwar Allah, buga wasiƙu da koyar da mutane kawai ta iya.

Samari kuwa manyan wasannin tseren mota suke so, irin waɗanda aka kashe wa dukiya. Sai dai don tsarin kwamfuta na Windows aka yi su, kwamfutocin nan kuma wani tsarin daban, Linux, ke kansu.

"Akwai manhajar da ke shiga tsakani, tafinta ce," in ji Injiniya a gaban komite, yana gyara tabarau. "Mu biyu muka gane ta, ni da Baturen da ya ƙera ta. Shi ma yakan rikice."

Kwana uku yana fama, allo baƙi ƙirin. Manhajar tana da bayani a rubuce, amma ina babban mutum ina karanta bayani? Hankalinsa ya tashi ƙwarai, sai ya sauko da bidiyon wani yana buga wasan daga intanet, ya cika allo da shi.

Ranar da komite ya sa don gwaji, ɗaki ya cika maƙil. Jar mota ta zabura, Injiniya na dannan maɓallai, yana karkata a kowace kwana, har da cije leɓe. Tafi ya ɓarke. To, a nan aka samu matsala, domin Muhsin bai taɓa jin tafi ya zauna ba. Ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu sama.

"'Yan'uwa, daga nan har garin Dogo-Dogo, tarihi zai..."

A bayansa mota ta sha kwana lafiya lau, ta wuce wasu uku.

Hajiya Gaji, shugabar komite, tsohuwar malamar makaranta, ta leƙa. "Injiniya, wa ke tuƙin?"

"Hajiya, ai tafintan ne ya haddace hannuna."

Bai rufe baki ba muryar wani saurayi ta fito daga kwamfutar, da Hausar Kano tsantsa: "Jama'a, in kun ji daɗin tuƙina, ku tura wa abokai!"

Hajiya ta ajiye makulli a tafin Zahara'u. "Riƙe, ɗiyata. Injiniya kuwa a bar shi ya huta, tunda aikinsa ya fi kyau in ya cire hannu."