Ranar da Na Koya wa Surukina Wafil

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a gidanmu na Obiagu ba, ranar da na tsaya da bakina ina koya wa surukina yadda ake yin wafil. Har yau in na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga wanda bai san wafil ba (kada ka ji kunya, ni ma bara war haka ban san shi ba), wani abin karin kumallo ne na Turawa, ɗan'uwan fanke. Sai dai shi a cikin wani ƙarfe mai murfi ake gasa shi, ya fito da ramuka-ramuka kamar saƙar zuma. A waya na fara ganinsa. Wata baiwar Allah ce ta zuba ƙullu, ta rufe, ta buɗe, sai ga abu ya fito gwanin sha'awa. Bidiyon bai wuce minti ɗaya ba. Na kalle shi har na haddace, daga nan kuma na ɗauki kaina gwana.

Lokacin watanmu biyar da aure ni da Ishaya. Ni ina koyarwa a wata makarantar ƙananan yara, shi kuma yana aiki a kantin magani. Sai babansa ya zo daga Zonkwa don a yi masa aikin yanar ido a nan Enugu. An yi na dama an rufe da bandeji, na hagu kuma yana jiran nasa lokacin, shi ma dishi-dishi yake gani da shi. Baba dogon tsoho ne, siriri, marar magana. Ishaya ya ce tun da Mama ta rasu ya koma haka. Zai wuni a kan kujera a baranda, rediyo a cinyarsa, ko kunna ta ba ya yi.

Babbar damuwarmu ita ce abinci. Duk abin da na dafa, loma biyu zai yi ya ture kwanon ya ce, "Na gode, 'yata." Na yi tuwo da miyar kuka, na yi faten acca, na yi farfesun kifi, duk kanwar ja ce. Likita kuwa ya ce ba zai taɓa ɗaya idon ba sai Baba ya yi ƙwari. Kullum da yamma yayyen Ishaya mata sai sun bugo waya daga gida, tambayarsu ɗaya: "Baba ya ci?" Ba su taɓa cewa laifina ne ba, amma amarya ce ni, na san abin da ake nufi da irin wannan tambayar.

Ana haka na ga ƙarfen a wurin masu kayan gwanjo a kasuwar Ogbete. Baƙi ne, mai nauyi, da hannaye biyu dogaye, irin wanda ake ɗorawa a kan wuta, kuma wafil ɗaya tak yake yi. Mai kayan ma bai san na mene ne ba, ya ce wataƙila na gasa kifi ne. Na yi masa dariyar da mai ilimi ke yi wa jahili (ka riƙe wannan, don ka san irin mutumin da nake a lokacin), na saya, na hau keke napep na dawo gida ina jin kaina. A raina na ce, tunda na gida ya ƙi, bari in ba tsohon nan abin da bai taɓa gani ba.

Ranar Asabar Ishaya ya fita aiki da sassafe. Ƙwai uku ne a gidan. Baba yana zaune a inda ya saba, dab da ƙofar kicin. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na miƙe na fara darasi.

"Baba, yau zan yi muku wani abu da ba ku taɓa ci ba. Sunansa wafil. Wa-fil."

(E, har da rarraba masa kalmar, kamar yadda nake yi wa ɗalibaina 'yan shekara huɗu.)

Ya ce, "To."

"Na Turawa ne. Ba kamar masa ba ne da kowa ke yi. Shi wannan sai da ilimi."

Ya ce, "To, madalla."

Na fasa ƙwan farko, na haɗa fulawa da madara da sukari, na tuƙa ƙullun nan da ƙarfina har hannuna ya gaji. Na zuba a ƙarfen da sanyinsa, ko mai ban shafa ba, don baiwar Allahn nan ta bidiyo ba ta nuna ta shafa ba. Na kunna gas. Da na ji ya daɗe na buɗe, sai abu ya rabe biyu, rabi ya manne a sama, rabi a ƙasa, tsakiya kuma ɗanye yana ɗiga. Na ɗauki wuƙa na dinga kankara. Baba yana jin ƙarar.

"Na gwaji ne wannan, Baba," na ce da ƙarfi. "Ko Turawan ma ba sa cin na farko."

A na biyu na ce ba za a maimaita ba. Na kwarara mai, na cika ƙarfen maƙil da ƙullu, na ƙure wuta. Kafin ka ce kwabo ƙullun ya fara tumbatsa ta ko'ina yana zuba kan wutar, hayaƙi ya turnuƙe kicin ya fito baranda. Maƙwabciyarmu Mama Chika, wata Ibo mai sayar da kayan miya, ta fito a guje da bokitin ruwa tana ihu, "Teacher, wetin dey burn?" Matan gidan biyu suka biyo ta. Na kashe gas na buɗe ƙarfen a gabansu. Abin da ke ciki, da a ce na kai wa mai guga, da ya karɓa ya zuba a dutsen gugarsa.

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa na dubi Baba, yana tari saboda hayaƙina, na ce, "Ƙarfen ne bai saba da gas ɗin Najeriya ba."

Sauran matan suka koma suna ƙunshe dariya. Mama Chika ta tsaya, wai don kada in ƙona gidan. Na ɗauki ƙwan da ya rage na riƙe, idona ya cika da ƙwalla. Ba hayaƙin ba ne.

Sai na ji muryar Baba. "'Yata, ƙwai nawa ya rage?"

"Ɗaya, Baba."

"Miƙo min ƙarfen in ya huce."

Na kai masa. Ya ɗora a cinyarsa, ya bi ramukan da yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ya rufe yana sauraron ƙarar maɓallin. Ya ce, "Tsoho ne, mai kyau ne. Kada ki ƙara sa masa wuƙa. Goge shi da gishiri da ɗan mai. Akwai gawayi a gidan nan?"

Mama Chika tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Kafin in amsa ta tafi ta ɗauko murhunta na gawayi da wutarsa.

Abin da ya biyo baya, na sha ba da labarinsa, amma ban taɓa jin na faɗe shi yadda ya kamata ba. Baba ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu har gwiwa, ya ce in kawo kwano biyu busassu. Mutumin nan da kofin shayi ke rawa a hannunsa, ya ɗauki ƙwan nan da hannu ɗaya, ya buga a bakin kwano, ya raba farin da gwaiduwar a cikin ɓawon, ko ɗigo bai gauraya ba. Kuma ba kallo yake yi ba. Fuskarsa tana sama, kamar mai sauraron wa'azi.

Ya karɓi cokali mai yatsu ya fara kaɗa farin ƙwan. Hannunsa ya koma kamar injin, sautin ma wani iri ne, tak-tak-tak, bai canja ba ko sau ɗaya. Ina kallo ruwan nan ya zama kumfa, kumfa ta zama wani farin abu mai sheƙi da ke tsayawa da kansa. Sai ya kifa kwanon a iska. Ba abin da ya zubo.

Mama Chika ta dafa ƙirji ta ce, "Chineke!"

Fulawa da tafin hannu ya auna, bai nemi kofi ba. Sukari kaɗan, gishiri tsakanin yatsa biyu, bekin foda a bakin cokali, sai gwaiduwar da madara da narkakkiyar bota. Ya juya sau biyar ko shida ya tsaya. Na leƙa na ga gudaji, bakina da ba ya jin magana ya ce, "Baba, bai haɗu ba."

"Ba tuwo ba ne, 'yata. Ba a tuƙa shi."

Ya zuba farin ƙwan a kai, ya riƙa ɗago ƙullun daga ƙasa yana lulluɓe shi a hankali, kamar mai juya jariri. Duk wannan lokacin ƙarfen yana kan gawayi, yana sa ni in juya shi. Ya yarfa masa ɗigon ruwa, ya saurari yadda ya yi tsalle, ya ce a ƙara masa kaɗan. Ya sake yarfawa, ya gyaɗa kai. Ya shafa bota, ya zuba ƙullun a tsakiya kawai, ya rufe, ya kifa ƙarfen.

Tururi yana fita ta gefe yana huci. Hannuna ya kai kan ƙarfen, ya ce, "Kada ki buɗe. Shi ne zai gaya miki. In hucin ya ragu, ya nuna." Ya kawo kunnensa kusa, ya juya ƙarfen sau ɗaya, ya ƙara jira. Wani ƙamshi ya tashi wanda ya kore ƙaurin da na cika gidan da shi. Sai ya ce, "Kawo faranti."

Ya buɗe. Abin ya faɗo da kansa, ko taɓa shi ba a yi ba. Ja-ja ne kamar zuma, kowane rami ya fito sak, gefensa yana ƙaras-ƙaras. Wallahi wanda na gani a waya bai kama ƙafarsa ba. Na tsaya riƙe da faranti kamar an dasa ni.

Da ƙyar na ce, "Baba, a ina kuka..."

"Fatakwal. Shekara ashirin da shida ina kuku a gidan Turawan mai. Akwai wani maigida da na yi wa aiki, kullum da safe wafil ɗaya yake ci. Ɗaya tak, matarsa ba ta so." Ya goge hannu, ya juyo da fuskarsa wajena. "Wa-fil," ya ce, a rarrabe, yadda na koya masa.

Wannan ne karo na farko da na ga murmushinsa. Mama Chika kuwa, da ta gane abin da ake ciki, dariya ta yi har ta zauna a kan bokitinta. Sai a lokacin na tuna Ishaya ya taɓa gaya min babansa ya yi aiki da Turawa a Fatakwal. Ni da kaina na yanke cewa gadi ne (ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba), na rufe maganar.

Na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe min."

Ya ce, "Me kika yi? Ci kayanki tun da zafi."

Na ce ai nasa ne, don shi na fara. Sannan ya ce, a hankali, duk shekarun nan bai taɓa zama ya ci wafil a faranti ba. Sai dai gefen da ya ɗan ƙone, a tsaye, a bayan ƙofar kicin. "Maman su Ishaya ta sha cewa in yi mata ta ɗanɗana abin da nake ba ta labari. Kullum ina cewa sai mun sami ƙarfe." Ya shafa hannun ƙarfen. "Ba mu samu ba."

Ban san lokacin da na shiga ɗaki na ɗauko farantin aurena da ban taɓa amfani da shi ba. Na shimfiɗa ƙyalle a kan tebur, na haɗa shayi, na kawo zuma. Baba ya zauna ya yi addu'a, ya gutsura min kusurwa ɗaya, ya gutsura wa Mama Chika ɗaya, ya cinye sauran a natse, rami bayan rami. Kusurwar nan da na sa a baki, waje ƙaras, ciki kuma kamar iska. Ban sake cin irinta ba, ko da yake daga baya ya koya min, kuma ina ƙoƙari.

Da Ishaya ya dawo ya ji labari, sai da ya riƙe bango don dariya. Kafin magariba yayyensa sun ji, kafin Lahadi duk Zonkwa ta ji. Ban damu sosai ba, don washegari Baba da kansa ya aike ni sayen ƙwai, ya ce akwai wata miyar kaza da yake so ya ga ko hannunsa bai manta ba. Bayan sati uku aka yi masa ɗaya idon lafiya.

Abin da na koya ba shi da yawa. In akwai mai furfura a wuri, kafin in buɗe baki in yi bayani, sai na gaishe shi na tambaye shi aikin da ya yi a ƙuruciyarsa. Makon jiya ma a coci wani yaro ya faɗi ya ƙuje gwiwa, wata tsohuwa ta sunkuya za ta ɗaure masa, na ji darasi yana taso min daga ciki. Allah ya taimake ni na tambaya tukuna. Nas ce mai ritaya.