Rasuwar Makunnin da Ke Ƙarƙashin Kujerata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ciki wanda rabonsa da cika tun watannin baya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masu sayen yashi da tsakuwa a filinmu rasuwar aminina kuma marufin asirina, ɗan makunnin da ke ƙarƙashin kujerar ƙaramar loda, motar ɗibar yashin da nake tuƙawa, wanda aka fi sani da Ɗan Ƙit. Ya rasu ranar Talata da hantsi bayan doguwar jinya wadda bai taɓa faɗa wa kowa ba, har ni da nake zaune a kansa kullum.

Da yawanku ba ku taɓa ganin marigayin ba, kuma ba laifinku ba ne, don ba mai son nuna kai ba ne. Girmansa bai wuce akwatin ashana ba, wayoyi biyu ne a jikinsa, aikinsa kuma ɗaya ne tak. Idan direba ya zauna, sai ya ce "ƙit", ya aika wa loda saƙo cewa akwai mutum a kujera, a buɗe wa man haidirolik hanya, hannaye su ɗaga bokiti. Idan bai ce "ƙit" ba, ko injin zai yini yana gurnani, bokitin nan ba zai motsa ba, sai dai jar fitila ta kama, lamba arba'in da ɗaya ta fito a allo.

Babban halin da za a riƙa tuna marigayin da shi shi ne amana. Shekara da shekaru, ni kaɗai yake amsa wa. Maigida, mai filin da lodar, ya hau ya zauna, shiru. Bakanike ya hau, shiru. Tsinke, ƙanin matar maigida, wanda ya daɗe yana kallon kujerar nan yana haɗiyar yawu, ya hau ya zauna, ya miƙe, ya sake zama, ya yi lallashi, ya yi zagi, ba abin da ya samu sai jar fitila. Ni kuwa in na gama shan shayina, sai in zo in shafa ƙofar, in ɗan yi mata raɗa don masu kallo, in zauna. Ƙit. Na sha gaya musu cewa ƙarfe ma ya san mai ƙaunarsa, kuma wallahi ba cika baki nake yi ba, har zuciyata na yarda da haka. Maigida kuwa, da yake hannunsa bai cika son shiga aljihu ba, ya ce tunda tana tashi da mutum ɗaya, ba zai kira mai gyara ba.

Alherin da marigayin ya yi mini ba zai ƙirgu ba. Na sha makara, na sha yin barci a inuwar tarin yashi, ya rufa mini asiri. Akwai ranar da maigida ya fusata ya ce in ajiye makulli in kama gabana. Na ajiye, na tafi gida na kwanta. Kafin rana ta karkata tifofi sun yi layi har bakin titi, direbobi suna ta danna ham, sai ga maigida da kansa a ƙofar gidana yana tambayar yara ko babansu yana ciki. Ran nan har da ƙarin albashi na koma. Duk wannan aikin Ɗan Ƙit ne, amma bai taɓa yi mini gori ba.

Game da ciwon ajalinsa, iyalan mamacin ba sa zargin kowa. Sai dai tarihi ba zai manta ba cewa watannin baya likita ya ɗaura mini abin awo a hannu ya girgiza kai, kuma uwargidana tana zaune a wurin ta ji komai. Daga ranar aka canza mini faranti, aka kawo wani ƙarami da yara ke cin abinci a ciki. Aka hana ni ƙari, aka cire kitse daga nama, aka ɓoye gwangwanin sukari a inda har yau ban gano ba. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Baban yara, ni kai nake so, ba tumbinka ba." Na ƙara huji a bel ɗina, na sake ƙara wani. A daidai lokacin ne marigayin ya fara nuna alamun rashin lafiya. Sai na zauna na ɗan gyara zama, na jijjiga, kafin ya ce "ƙit" a hankali, da muryar da ta sha wuya. Ni kuwa na ɗauka fushi yake yi da ni don na rage yi masa raɗa.

Ranar Talata, na ɗebo yashi, bokiti yana sama, tifa tana jira a ƙasa, sai komai ya tsaya cak. Jar fitila, arba'in da ɗaya. Ni, da ban taɓa ganin lambar nan ina zaune ba! Aka duba man haidirolik, yana nan cike. Aka kankare kan batir har ya yi ƙyalli. Aka zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ana ɗaga su sama ana leƙawa, duk lafiyarsu ƙalau. Bakanike ya naɗe hannun riga ya ce famfon mai ne, a ba shi kwana biyu ya farke shi. Jin abin da farke famfo zai ci ne ya sa maigida ya tuna cewa akwai mai wayarin, mai gyaran wutar mota, a bayan layinmu.

Mai wayarin ya zo da 'yar mitarsa mai igiya ja da baƙa. Ya auna wayar da ke zuwa bawul ɗin mai, ya ce wuta ba ta isowa, amma bawul ɗin bai yi laifin komai ba. Ya dubi allo, ya duba ma'anar lambar a wayarsa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Direba, lodar nan cewa take yi babu kowa a kan kujera."

Ina zaune a kai, jama'a. Da hulata da komai. A rayuwata an zage ni, an kore ni daga aiki, amma ba a taɓa cewa ba na nan ba alhali ana kallona.

Ya ɗaga gefen kujerar, ya ɗora bakin mitarsa a wayoyin marigayin, ya ce in zauna da kyau. Na zauna da iya ƙarfina, har da riƙe numfashi. Mita ta yi shiru. Sai ya ce a miƙo buhun siminti. A gaban maigida, da Tsinke, da direbobin tifa, aka ɗora mini buhun siminti a cinya kamar jariri. Daga can ƙasa muka ji "ƙi…it". Mita ta yi tsuwa, bokiti ya sauko, ya juye yashinsa. Wannan ita ce kalmar marigayin ta ƙarshe. Ko da aka ƙara buhu na biyu, bai sake magana ba.

Bayanin da mai wayarin ya yi a kan gawar ya fi mutuwar zafi. Ya ce makunnin ya daɗe da tsatsa, ƙarfen cikinsa ya ƙage, shekarun nan duka ba mai iya danna shi sai mutumin da ya kai wani nauyi. Maigida ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Au, ashe ba raɗar ba ce?" Ni dai na san abin da ke tsakanina da marigayin, kuma mita ba ta auna ƙauna.

Marigayin ya rasu ya bar kujera guda mai rami a tsakiya daidai ni, da famfon mai wanda ya tsallake rijiya da baya, da fiyus da dama da aka zarga ba su ji ba ba su gani ba. Ya bar magaji, wani sabon makunni fari fat marar kunya, wanda ko kyanwa ce ta hau zai ce mata "ƙit". Ya kuma bar ni. Tun ranar Laraba Tsinke ne a kan kujerar, har da sabon tabarau, ni kuma an miƙa mini shebur an ce motsa jiki zai taimaka wa jinina. In ya wuce ta gabana sai ya ɗago hannu ya ce, "Sannu da aiki, Yaya." Ciwon da nake ji a raina, Allah kaɗai ya sani.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a bayan tarin tsakuwa. An riga an shirya gawar a cikin gwangwanin madara, kabari kuma ni zan haƙa, tunda kayan aikin suna hannuna. Tsinke ya yi tayin ɗaukar mamacin a bokitin loda, na kuma karɓa hannu bibbiyu. Sharaɗina ɗaya ne: ba ta shimfiɗaɗɗiyar hanya za a bi ba, sai ta tsohuwar hanyar tifofi mai ramuka, wadda marigayin ya fi so. Jiya na lura cewa da loda ta faɗa ɗan rami, Tsinke ya tashi sama ya bar kujera, sabon makunnin ya neme shi ya rasa, jar fitila ta kama. Hanyar da na zaɓa kuwa ramukanta ba sa ƙarewa.

Ana roƙon maigida ya daure ya halarta, ya tsaya a gaba inda zai ga komai da idonsa. Masu zuwa ta'aziyya kada su je gida, uwargida tana binciken leda. Su same ni a fili kafin a fara, kowa da abin da ya sawwaƙa, in da hali mai kitse. Ina so in tsaya a gaban maigida ran nan da nauyina.