Walkin Kakana da Kajin Hadiza

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙarshen shekara na lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ba, ko na so mantawa ɗalibaina ba za su bar ni ba.

Diraktan ya ce mu malamai maza za mu fito da shigar 'yan kokawa. Abokan aikina suka ruga wajen tela a Birni, aka ɗinko musu walkin zamani, yadi mai sheƙi da geza, da roba a ƙugu. Na ce musu, "Wannan ai siket ne. Walki fatar akuya ce, a ɗaure a ƙugu, a zargo ta tsakanin ƙafafu a soke." (Bakina ba ya da linzami, na sani.)

Na tafi ƙauyenmu Zermu na ɗauko na kakana a rumbu. Gwaggota ta juya shi, ta ji yana ƙara kamar ganda. Ta ce, "Ɗan nan, fatar nan ta fi ka shekaru. Shafa mata man shanu ta kwana biyu." Na ce to, na saka a jaka. Wa zai je gaban iyayen yara yana warin man shanu?

Matata Hadiza kuwa ta rantse ba zan fita ba wando a ciki ba. Wanda ya samu shi ne wanda aka ɗinka mini da ragowar atamfarta, mai zanen kaza da 'yan tsakinta. Na ce wa zai gani.

Makaɗi ya saki ganga, na shiga fili ina taƙama, mutuncin shekara goma na koyarwa a kafaɗata. Na durƙusa zan ɗebi ƙasa irin ta 'yan kokawa, sai na ji ɓas. Walki ya faɗi, kaji suka fito kiwo. Wata tsohuwa a layin gaba ta ce, "To, an yi walƙiya." Wallahi na so ƙasa ta tsage. Masu siket kuwa suna ta tsalle, robarsu ko gezau.

Har yau yara na kirana Mushe Kaza, wato Malam Kaza a bakin 'yan lakwal. Su kira. Nasu dai siket ne, ban janye ba. Abin da na koya shi ne wanda ya gaji fata ya gaji shafa mata mai. Walkin yana nan yana shan man shanu, baɗi da shi zan fito, amma wandon ni zan zaɓa.