Mai Lambar Da Ba Shi Da Tabo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wata tsohuwa ta sa na tuɓe riga a gaban ruga guda. Zamanin Turawa ne, En'e ta ɗauke ni aikin lamba a Birnin Gwari, wato tsagar nan da ake yi wa mutum a damtse a shafa magani don kada agana ta kama shi. An ba ni kaki da keke, ni kuwa ƙafata ta daina taɓa ƙasa.

Sai dai ina da wani sirri da ya hana ni sukuni. Ranar da maigidana Malam Iro, babban duba-gari, ya yi mini tawa lambar, na ji ana cewa in ta kama hannu kumbura yake yi har da zazzaɓi. Na zagaya bayan asibiti na murje wurin da lemun tsami, magani ya mutu, ko tabo babu. (Ni da kazar gidanmu ba a san wanda ya fi tsoro ba.) Tun daga nan riga mai dogon hannu nake sawa, ko ana zafin da zai gasa ƙwai.

To agana ta ɓulla wajen Kuyello, aka tura mu wata ruga a bakin dajin Dogon Dawa. Mun tarar har sun fara ɗaure kaya. In suka kora shanu suka shige daji ba a yi musu ba, yaransu sun tafi ke nan babu kariya. Malam Iro ya sha fama kafin Arɗo ya yarda a tara jama'a a gindin ɗorawa, sannan ya ce in yi bayani, tunda bakina ya fi nasa zaƙi.

Na gyara tsayuwa na zuba. Na ce lamba ba ta kai cizon sauro ba, na ce mai gudunta ragon namiji ne. (Wa ya aike ni?) Ina cikin haka sai uwar Arɗo, wata tsohuwa mai zanzana a fuska da ido ɗaya, ta nuno ni da sanda.

"Yaro, mu ga taka."

Na ce, "Inna, ai tawa ta daɗe."

"Tabo ba ya tsufa. Ɗaga."

Na naɗe hannun dama, na ce af, ashe a hagu ne. Na kama maɓallin hagu na yi ta kokawa da shi kamar an ɗinke, gumi na bin bayana. Arɗo ya ce in cire rigar gaba ɗaya a huta. Na cire. Damatsa biyu sumul, kamar na jariri.

Malam Iro ya ce, "Kai! Ba ni na yi maka da hannuna ba?"

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma a ruɗe, da ƙarfi, na ce, "Ranka ya daɗe, lemun tsami na shafa."

Ruga ta ɗauka da dariya. Na ji mata na maimaita wa juna da Fulatanci, ba abin da nake ganewa sai "lemu, lemu". Wato na zo koya wa mutane lamba, na koya musu yadda ake kashe ta. Na so ƙasa ta tsage in shige, Malam Iro kuwa ko kallona bai iya yi ba, don ya san aiki ya lalace.

Tsohuwa kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta taso ta damƙe wuyan hannuna ta ce wa Malam Iro, "Yi masa, ni zan riƙe." Aska ta taɓa ni, na ce "Wayyo!" har wani maraƙi ya zabura. Ba ta sake ni ba sai da magani ya bushe. Tana riƙe da ni ta ce a hankali, "'Ya'ya uku agana ta ɗauke mini a wata guda. Kai ka samu magani ka wanke."

Wannan maganar ta fi dariyar ƙona ni. Ta juya ta ce a kawo jikokinta, kuma duk wanda aka yi wa ya zauna a gabanta har ya bushe, ta ga mai zuwa neman lemu. Kafin la'asar mun gama da rugar kaf, yara na miƙo hannu suna leƙen fuskata, ko kuka ba sa yi don kada a ce sun yi irin nawa.

Hannuna ya kumbura kwana bakwai, na sha zazzaɓi, ba wanda ya ce mini sannu. Tun daga nan ban ƙara hawa kan jama'a da wa'azin abin da ni ban iya jurewa ba, domin kowace ruga tana da tsohuwarta, kuma ido ɗaya ya ishe ta ganin maƙaryaci.