Man Keke a Kwamfutar Auta

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da autata Safiya ta samu gurbin karatun kwamfuta a jami'a ba, kuma ko na so in manta, 'yan majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi ba za su bar ni ba. Lokacin soja sun koma bariki, 'yan siyasa sun cika gari, mu teloli muna ta shan ɗinkin manyan riguna da ankon kamfen. Da wannan ɗinkin na haɗa abin da zan saya mata laftof, kwamfutar nan da ake rufewa kamar littafi.

Ni bokona a aji uku ya tsaya (shi ma ajin ukun, mai sayar da awara a bakin makaranta ce ta riƙe ni). Amma in dai maganar inji ce, ina ganin babu mai gaya min. A kan baƙin keken ɗinki na tsufa, kuma na san abu biyu: inji mai kyau nauyi gare shi, sannan inji ba ya aiki sai da mai.

Muka je shagon wani bawan Allah a Tarauni, Sande sunansa, mutumin kudu ne amma haihuwar Kano, Hausarsa har ta fi tawa kwanciya. Ya jera mana kwamfutoci a kan tebur. Na riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina jinjinawa, ina ƙwanƙwasa bayansu kamar mai zaɓen kankana. Na ci karo da wata ƙatuwa, sai da na sa hannu biyu.

"Yauwa, ga ƙarfe nan. Naɗe mana wannan."

Safiya ta matso ta rage murya. "Baba, wannan ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, ba za ta ɗauki abubuwan da za a koya mana ba. Batirinta ma ya mutu."

"Ƙwaƙwalwa ai a kanki take, Auta. Ita ƙarko muke nema."

Sande ya ce, "Baba, kullum fa a baya za ta goya ta. Makaranta za ta je, ba dakon siminti ba."

Haka suka haɗe min kai, aka ɗauki wata siririya da ko kaza ba ta kai nauyi ba. Sande ya ce in ta ba da matsala a cikin satin mu dawo ya canza, muddin ba a taɓa cikinta ba. Na ce to, na taho gida ina jin kamar ɗan rakiya.

Abin ya tsaya min. A ce 'yata za ta shiga jami'a ban sa hannu a komai ba? Na zauna na ɗinka wa kwamfutar jaka, har da soso a ciki. Bai ishe ni ba. Washegari Safiya ta tafi rajista ta bar ta a ɗaki. Na buɗe, sai na ji marfin ya yi ƙiiƙ. Dama jiya na ji tana wani huci in an kunna ta. Na ce a raina, ka ga irin ta, sun sayar wa yarinya busasshen inji.

Na ɗauko kwalbar man keke, na yi bisimilla. Na ɗiga a mahaɗar marfin. Na ɗiga a ramukan gefe (suna da yawa, kuma ban ware ko ɗaya ba). Na bi tsakanin madannan haruffa layi-layi, na goge da ƙyalle har tana ƙyalli. Ban gaya wa kowa ba, jira nake ta dawo ta ce, "Baba, yau kwamfutar nan gudu take."

Da yamma ta kunna. Haruffa suka fara rubuta kansu, wani ɗan ƙauri ya tashi, sai ɗif. Hawaye suka fara zubo wa Safiya. Ranar Litinin za a fara karatu, kuma ta san ba ni da halin sayen wata.

Wallahi ko kaɗan ban zargi man ba. Tun da nake ban taɓa ganin mai ya ɓata inji ba. Rashin nauyin nan ne, na faɗa tun farko. Da safe na zura babbar riga, na sa Safiya a gaba sai Tarauni. Tun daga bakin titi na fara.

"Sande, fito. Na ce a ba mu mai nauyi, ka liƙa mana kwali. Ni za ka gwada wa inji?"

'Yan acaɓa suka kashe babura, mai rake ya ajiye wuƙa, maƙwabtan shago suka leƙo. Ganin jama'a sai na ƙara murya. Sande ya karɓi kwamfutar, ya kwance kusoshin bayanta, ya ɗaga murfin, ya karkata ta. Sai ga abu yana ɗiga a kan tebur, ɗis, ɗis.

Ya dangwala da yatsa ya shinshina. "Mamata tela ce, a cikin ƙamshin nan na girma. Wannan man keke ne." Ya ɗago kai. "Baba, wace sana'a kake yi?"

Na buɗe baki zan ce kasuwanci, sai na ga kowa wuyana yake kallo. Tef ɗin awo ne rataye a kan babbar rigar, garin sauri ban cire ba.

"Ai ɗan kaɗan ne," na ce.

Wani ɗan acaɓa ya ce, "Baba, zare fa, ka sa mata?" Wurin ya kece da dariya. Ni kuwa Safiya nake satar kallo, don fushinta kaɗai nake tsoro. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba. Ashe duka biyun ne. Can ta ce, "Oga Sande, babana gyara ya yi niyya. Za ta tashi?"

Ya ce canji dai babu, amma zai wanke cikinta, sauran sai addu'a. Kwanakin da muka yi muna jira, ko tuwo ba ya min daɗi. Ana gobe za a fara karatu ya aiko mu je. Ya canza madannan, ta tashi, sai dai wani tabon mai ya zauna a kusurwar gilashin, kamar ɓarin goro. Kuɗin aiki ya ƙi karɓa, ya ce in ɗinka masa kaftani. Na ɗinka, har da aikin wuya.

Da wannan kwamfutar Safiya ta gama jami'a, a cikin jakar da na ɗinka. In ƙawayenta sun tambayi tabon, sai ta ce sa hannun babanta ne. Ranar da ta fara ɗaukar albashi ta kawo min sabuwar waya, amma kafin ta miƙo min sai da ta ɗauke kwalbar man ta damƙa wa babarta.

Tun daga nan na kafa wa kaina doka: duk abin da ba shi da feda, ko kukan me zai yi, ba na ba shi mai. Har yanzu dai in na ɗaga wayar nan, ina jin ba ta da nauyi.