Rasuwar Zomo Mai Akwati

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai gama bushewa ba, tsohon mai raba wasiƙu na unguwarmu yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kan sarkinsa, wanda aka fi sani da Zomo Mai Akwati.

Marigayin kan sarki ne a suna kawai, don kan zomo ke jikinsa, irin zanen barkwancin nan: kunne ɗaya a miƙe, ɗaya a karye, yana sheƙa gudu da akwati kada jirgi ya bar shi. An buga shi ne don tunawa da buɗe wata tashar jirgin ƙasa. Tsawon zamansa a gidan nan bai ɗanɗani miyau ba, hatimin gidan waya bai mare shi ba, haƙoransa na gefe cif-cif. Ba shi da hayaniya. Iyakar sautinsa ɗan “shuu” na takardar da ke rufe shi in an buɗe shafinsa a kundin da ake adana kan sarki.

Wasiƙa ɗaya tak aka tanadar masa. Ƙanin mai shi, da ke can bakin teku, ya daɗe yana cewa, “Yaya, ka taho, ga ɗaki ga aiki.” Yaya ya yi alkawarin ranar da zai amsa da “ga ni nan”, Zomo ne zai kai saƙon. Sai Inna, mahaifiyarsu, ta kwanta. Ƙafa ta ƙi, ƙirji ya ƙi, kuma ba ta karɓar cokali daga hannun kowa sai nasa.

A nan marigayin ya ɗauki ciwon ajali. Kullum da safe ana yi wa Inna sirace, taga a rufe kada iska ta buge ta. Tururi ya riƙa lallaɓawa ƙarƙashin gado inda kundin yake, har gam ɗin bayan Zomo ya jiƙe, ya kama shafi. Da mai shi ya ankara, ya sa hantsaki a hankali, yana riƙe numfashi. Takardar ta yage: Zomo ya taso, akwatin ya zauna a shafi.

Inna ta ɗago kai ta ce, “Wai a kan ɗan zomon nan kake sharar hawaye, da furfurarka? Miƙo mini ruwa.” Ya miƙa.

Marigayin ya bar 'yan'uwansa na cikin kundi, Kada Mai Tabarau, da Akuya Direba, da tagwayen ɓeraye, dukansu a manne, ba mai motsi. Ya kuma bar farin ambulan da aka riga aka rubuta wa adireshi.

Za a suturta shi a kwalin ashana gobe, bayan Inna ta sha maganin rana, a kwantar da shi ƙarƙashin gadon, tunda mai makoki ba ya iya wuce bakin ƙofa. Masu ta'aziyya su ƙwanƙwasa taga a hankali, za a ji su daga ciki. Ƙanin mai makoki ba sai ya zo ba. An dai roƙe shi ya ba wani ɗakin da ya tanadar wa Yaya.