Yadda Nomau Ya Bi Kazar Liman Bashi

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wani gida mai ƙyauren langa-langa, daura da rijiyar masallaci. A nan Ladidi take zaune, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da ɗan shagon hatsi da kayan shayi. Tare da su akwai ƙanenta Nomau. Nomau ba mahaukaci ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Shi dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin bishiya ka manta, gobe a can za ka same shi. Abu guda Allah Ya ba shi tun yana firamare, rubutu mai kyau.

Shagon kuwa kullum cike da jama'a, kullum kaya na raguwa, kuɗi kuwa shiru. Rabin garin dangin marigayi ne, sauran rabin abokansa. Kowa ya zo sai ya ce, "Auna mini, zan aiko yaro." Har yau yaron bai iso ba, ita kuma kunya ba ta barin ta buɗe baki. Ana haka dilan da ke ba ta kaya daga birni ya aiko cewa in wata ya ƙare ba ta biya shi ba, ko ƙwayar gero ba zai ƙara ba ta ba. In shago ya rufe, marayu ba su da abin kaiwa baki. Sai ta roƙi Malam Sidi, tsohon akawun ƙungiyar manoma, ya koya wa Nomau riƙe littafin lissafi.

Wata rana Malam Sidi ya gyara tabarau, ya buɗe sabon littafi, ya ja layi a tsakiya. Ya ce, "Duk abin da ya shigo shagon nan ka rubuta a hagu, duk abin da ya fita a dama. Kada ka bar komai." Da la'asar ya dawo ya tarar da masu saye sun yi cirko-cirko har bakin rijiya, Nomau ya duƙufa yana gumi. Malam ya karɓa ya karanta: "Akuya ta shigo. Akuya ta fita. Mai unguwa ya shigo. Mai unguwa ya fita da goro biyu, bai taɓa aljihu ba. Ƙuda ya shigo, ban ga fitarsa ba." Malam ya dafe kai. "Kaya nake nufi, Nomau, kaya da kuɗi!" Nomau ya ce, "To, in goge mai unguwa?" Malam ya ce a bar goron. Da zai tafi ya ɗauki ƙullin sukari da ganyen shayi, wai na jiƙa maƙoshi ne bayan darasi, kuma daga ranar haka yake yi kullum.

Wata rana Malam Sidi ya koya masa cewa duk kayan da ya fita ba a biya ba, bashi ne, a rubuta shi da sunan wanda ya ci. Bai jima da fita ba wata kaza ta faɗo shago ta yi ta tsattsagar gero a bakin buhu. Nomau bai kore ta ba, don ba a ce ya kori masu ciniki ba. Da ta ƙoshi ya bi ta lungu-lungu har ta shige gidan Liman. Ya yi sallama, Liman ya fito da carbi a hannu. "Allah gafarta malam, kazarku ta ci bashi. Da sunanta zan rubuta, ko da naku?" Liman ya dube shi ya dubi kazar, ya ce, "Rubuta da nata, ita ta ci." Nomau ya rubuta a tsanake, ya yi godiya ya tafi.

Wata rana darasin ya kai ga abin da Malam Sidi ya ce shi ne uwar lissafi. "Aljihun shago daban, aljihun mai shago daban. Ko mai shagon ce ta ɗauka, ta biya." Da yamma Ladidi ta shigo da kwano za ta ɗebi shinkafar tuwo. Nomau ya zauna a kan buhun. "Yaya, kuɗi hannu ko in rubuta?" Ta ce, "Kai, shagon wa?" Ya ce, "Naki. Amma aljihunsa ba naki ba ne." Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta tuna masa ita ta goya shi. Ya yarda ita ta goya shi, amma bai tashi daga kan buhu ba. Sai da ta je ta ranto kuɗi wurin maƙwabciya ta sayi shinkafarta da kanta. Ranar tuwon Nomau ko miya bai gani ba.

Wata rana, saura kwanaki kaɗan wata ya ƙare, Malam Sidi ya duba littafi ya ga bashin da ke waje ya ninka abin da dila ke bi. Ya ce, "Nomau, sai an tuna wa mutanen nan. Ka sanar da su duka rana ɗaya, babba da yaro, kada wani ya ce an ware shi. Wanda ya biya ka ja layi a kan sunansa." Shi malam takardu yake nufi, a naɗe a kai gida-gida cikin sirri. Amma a Rafin Kanya hanya ɗaya ce ake sanar da kowa rana ɗaya. Nomau ya ɗauki littafi ya nufi gidan Gajere mai shela, wanda ke zagaya gari da ganga in akuya ta ɓata ko za a yi aikin gayya.

Ranar Juma'a ana sakkowa daga masallaci, manya sun sha manyan riguna, sai ganga ta tashi. Gajere bai iya karatu ba, don haka Nomau na raɗa masa a kunne, shi kuma yana kwararawa. "Jama'a a saurara! Mai unguwa, goro da gero tiya huɗu! Kazar Liman, gero cikin ciki!" Labari ya kai wa Ladidi a gida. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, don a ganinta ta gama zama da mutanen garin nan, ga shago zai tafi, ga mutunci ya riga shi.

A ƙofar masallaci kuwa mutane sun lura Nomau bi da bi yake karantawa, kuma sunan da aka ja wa layi tsallake shi yake yi. Nan take hannuwa suka shige aljihu. Yayan marigayi, wanda shekara guda yana cewa zai aiko yaro, ya zo da kansa a guje yana riƙe da hula. Liman ya biya wa kazarsa, sannan ya matso ya biya wa kansa a hankali. Ana cikin haka Malam Sidi ya ratso taro, tabarau a karkace, yana cewa, "Wace irin ɓarna ce wannan? Rufe littafin nan!" Nomau ya ce, "Saura shafi ɗaya, malam. Na sukari da ganyen shayi." Malam ya laluba aljihu ya biya, bai nemi canji ba.

Kafin magariba Nomau ya zube kuɗin a gaban yayarsa. Ta ƙirga da hawaye a ido, na dila ya fito har da saura. Sai ta ɗauki kwano ta ce yau shinkafa da wake za ta dafa masa, da mai da yaji. Ta shiga shago, ta sa hannu a buhu, sai ta ji ana buɗe littafi a bayanta.

"Yaya, kuɗi hannu ko in rubuta?"

Ladidi ta tuna da gangar Gajere. Ta kwance bakin zane ta biya.